Yadda Aka Koya wa Yashi Gani

Hausawa su kan ce gani ya kori ji. A zamanin da, in mutum ya yi doguwar tafiya ya komo gida, iyakar abin da zai kawo wa mutanensa labari ne da baki, wanda ya ga dama ya gaskata, wanda bai ga dama ba ya ƙaryata. Yau kuwa ɗan kasuwa yana Legas zai ɗauki hoton kaya da wayar hannu, kafin a ƙifta ido abokin cinikinsa na Kano ya gani, su yi ciniki su gama ba wanda ya ɗaga ƙafa. Abin da ke yin wannan aiki a cikin waya wani ɗan guntu ne da bai kai farcen ƙaramin yatsa girma ba, yana ɓoye bayan ɗan gilashin nan na gadon bayanta. Shi ne idon kyamara. Asalinsa kuwa daga yashi ne da farin dutse, irin waɗanda a ke takawa a bakin rafi.

Wannan ido aikin mutane ne masu yawa, na ƙasashe dabam dabam, cikin shekara fiye da ɗari. Da yawansu ma wani abu dabam su ke nema sa'ad da suka yi tuntuɓe da rabonsu na aikin. Ga yadda labarin ya ke.

Ɗakin duhu da fim

Wajen shekara dubu da suka wuce an yi wani malami mutumin Basra, sunansa Hasan ibn al-Haisam, wanda ya zauna a Alƙahira, ya rasu wajen 1040. Shi ya bayyana cewa haske ne ke tasowa daga jikin abubuwa ya shiga ido, sa'an nan mutum ya gani. Ya kuma nuna in aka rufe ɗaki ya yi duhu dunɗum, aka bar 'yar ƙaramar huda a bango, to, surar abin da ke waje za ta faɗo bisa bangon da ke fuskantar hudar, amma a kife, kai ƙasa ƙafa sama. Kowace kyamara ta duniya ɗan ɗakin duhu ce irin wannan, sai dai an sa gilashi a bakin hudar don ya tattara hasken.

Abin da ya gagari mutane shekaru aru-aru shi ne yadda za a kama surar ta zauna, don da an buɗe ƙofa sai ta ɓace. Wani Bafaranshe mai suna Niépce shi ya fara cin nasara, wajen 1826. Ya shafa wani irin kwalta bisa farantin ƙarfe, ya ajiye shi cikin akwati a bakin taga sa'o'i masu yawa, har surar gine-ginen da ke waje ta kama. Cikin 1839 wani ɗan ƙasarsa, Daguerre, ya fito da hanya mafi sauri mai aiki da sinadarin azurfa. Cikin 1888 kuma George Eastman na garin Rochester a Amurka ya fara sayar da wani akwatin hoto da ya raɗa wa suna Kodak, a cikinsa da naɗin fim mai cin hoto 100. In fim ya ƙare sai a aika da akwatin masana'anta, a wanke hotunan, a sa sabon fim, a komo wa mai shi da kayansa.

Fim ya yi wa duniya aiki fiye da shekara ɗari, dattawa ma ba su manta da mai hoto da ke cusa kansa cikin baƙin ƙyalle ba. Amma fim yana da wahala. Sau ɗaya a ke amfani da shi, sai an wanke shi cikin duhu da ruwan magani, mutum kuma ba ya sanin ko hotonsa ya yi kyau sai bayan an gama.

Haske da lantarki

Wata hanya dabam ta ɓullo ta inda ba a zata ba. Cikin 1873 wani injiniya na Ingila, Willoughby Smith, yana aikin gwada wayoyin tangaraho da a ke shimfiɗawa a ƙarƙashin teku. Cikin kayan gwajinsa akwai sanduna na wani ma'adini da a ke kira seleniyam. Sai aka lura ma'auninsa ba ya tsayawa bisa magana ɗaya. Da aka bincika, ashe haske ne sanadi: in ya faɗa bisa sandunan, wutar lantarki ta fi wucewa ta cikinsu, in an rufe su cikin akwati sai ta ragu. Watau ga wani abu marar rai wanda ya ke bambanta haske da duhu.

Dalilin irin wannan al'amari bai fito fili ba sai cikin 1905, sa'ad da Albert Einstein ya bayyana cewa haske ƙwaya ƙwaya ya ke zuwa, kamar yayyafi. Kowace ƙwayar haske in ta bugi wani abu tana iya fizge ƙwayar lantarki guda daga mazauninta. Ita wannan ƙwayar lantarki sunanta ilektaron. To, ke nan wanda ya iya tara waɗannan ƙwayoyi ya ƙidaya su, ya san yawan hasken da ya sauka a wurin. Saboda wannan bayani aka ba Einstein lambar yabo ta Nobel ta 1921.

Da aka fara talabijin, da manyan kwalabe na gilashi a ke mayar da haske lantarki. Sun yi aiki, amma ga nauyi, ga zafi, ga cin wuta, ga saurin fashewa.

Silikon

Game da wutar lantarki, abubuwan duniya sun kasu uku. Akwai masu barinta ta wuce, kamar jan ƙarfe. Akwai masu tare ta, kamar roba da gilashi. Akwai kuma 'yan tsaka-tsaki, waɗanda su ke kamar zaure mai ƙyaure, a buɗe in an so, a rufe in an so. Mafi daraja cikin 'yan tsaka-tsakin nan shi ne silikon. Yana da yawa ƙwarai, ya fi rubu'in nauyin ɓawon ƙasa, amma kullum a gauraye ya ke cikin yashi da duwatsu. Sai an narka an tace shi, an sāke tacewa, har ya zama cikin ƙwaya miliyan dubu da ƙyar a sami baƙuwa ɗaya, kāna a yanka shi falle falle kamar faifai.

A jihar New Jersey ta Amurka, kamfanin wayar tarho na Bell yana da babban gidan bincike, inda a ke biyan masana albashi don su yi ta gwaje-gwaje. Cikin 1940 ɗaya daga cikinsu, Russell Ohl, yana gwada wani guntun silikon mai tsaga a tsakiya, sai ya ga in haske ya faɗa masa yana fitar da lantarki mai ƙarfin da ya ba kowa mamaki. Da aka duba sai aka gane ɓangarorin nan biyu na tsagar ƙazantar da ke cikinsu ba iri ɗaya ba ce, a kan iyakarsu ne haske ke yin aikinsa. Daga nan aka koyi zuba wa tataccen silikon 'yar gaurayen da a ke so, a inda a ke so.

A wannan gida ne kuma cikin Disamba 1947 Bardeen da Brattain da Shockley suka ƙago taransista, watau ɗan makunnin lantarki wanda ya maye gurbin kwalaben rediyo. Amma fuskar silikon ta daɗe tana ba masana wahala, don ƙwayoyin lantarki su kan maƙale a kanta. Wanda ya warware wannan ƙulli mutumin Masar ne, Muhammad Atalla, haifaffen Port Sa'id, wanda ya yi karatu a Jami'ar Alƙahira kafin ya tafi Amurka. Ya nuna in aka gasa silikon cikin tanda har ya yi wata 'yar fata mai kama da gilashi, fuskar sai ta natsu. Cikin 1959 shi da abokin aikinsa Dawon Kahng, mutumin Koriya, suka gina sabuwar taransista bisa wannan fata. A daidai wannan lokaci Jack Kilby da Robert Noyce, kowa a kamfaninsa, suka gano yadda za a tara taransista da yawa bisa ɗan allon silikon guda. Kaya sun haɗu ke nan, saura mai haɗa su su zama ido.

Sa'a guda gaban baƙin allo

Willard Boyle mutumin Kanada ne, an haife shi cikin 1924. Ya girma a wani ƙauyen masu saran itace can cikin daji, inda ubansa ke aikin likita. Ba makaranta kusa, uwarsa ce ta koya masa karatu a gida har ya shekara 14. Da girmansa ya zama shugaban wani sashe a gidan binciken Bell, George Smith ɗan Amurka yana aiki a ƙarƙashinsa.

Cikin 1969 wani sashe na gidan yana aiki bisa wata dabara ta ajiye ƙidaya cikin kwamfuta da maganaɗisu, manya kuwa suka ɗauki abin da zafi. Shugabansu Jack Morton ya nuna wa Boyle cewa in mutanen silikon ba su kawo abin da zai yi gasa da wannan ba, za a karkata kuɗin bincikensu can. Ran 17 ga Oktoba 1969 Boyle ya kira Smith ofishinsa, suka tsaya gaban baƙin allo da alli a hannu. Kafin sa'a guda ta cika sun zana wata na'ura wadda daga baya aka san ta da haruffa uku, CCD. Ba a daɗe ba aka ƙera ta, ta kuwa yi aiki, suka buga bayaninta cikin 1970.

Rumbun ajiyar ƙidaya su ke nema, a wannan fanni kuwa na'urar ba ta yi nisa ba, wasu dabaru sun sha gabanta. Amma tun da fari an lura tana jin haske. Wani abokin aikinsu, Michael Tompsett mutumin Ingila, shi ya dukufa wajen tsara ta don ɗaukar hoto. Ta farkon da aka gwada gurbi takwas kaɗai gare ta, a jere sahu ɗaya.

Misalin ƙorai

Ga yadda ta ke aiki. A ce an sami fili an jera ƙorai sahu sahu, ana so a san inda ruwan sama ya fi zuba cikin filin. Ruwa ya sauko ya ɗauke, wata ƙwarya ta cika, wata rabi, wata 'yan ɗigo. Ma'auni kuwa mutum ɗaya ne tak, yana zaune a kusurwar fili da mudunsa. To, sai mutanen sahun ƙarshe su riƙa miƙa ruwa hannu da hannu, kowa ya juye wa na kusa da shi, har ruwan kowace ƙwarya ya iso wurin ma'auni, ya auna, magatakarda ya rubuta. In sahun ya ƙare, sai sahun da ke bayansa ya juye masa nasa, sauran sahu duka su matso gaba, a sāke miƙawa. Haka za a yi ta yi har a gama. Wanda ya duba takardar magatakarda zai san yadda ruwa ya zuba a kowane taƙi na filin, ko da bai je wurin ba.

Filin nan shi ne ɗan allon silikon. Ƙorai su ne ƙananan gurabu da aka tsara a fuskarsa kamar gurabun dara. Ruwan sama shi ne haske, ruwan da ya taru cikin ƙwarya kuma ƙwayoyin lantarki ne. Ba hannun da ke juyewa, sai wasu siraran layukan da a ke ƙara wa ƙarfin wuta a rage bi da bi, su riƙa tura ƙwayoyin daga gurbi zuwa gurbi. Hoto ya koma ƙidaya ke nan. Ƙidaya kuwa ana iya ajiye ta, a kwafe ta sau dubu ba ta dushe ba, a aika da ita ta waya ko ta iska.

Wahalar tana wurin juyewa. In a kowace miƙa kashi ɗaya cikin ɗari ya zube, bayan miƙa 100 abin da zai rage bai fi kashi 37 ba, bayan miƙa 500 ko kashi ɗaya ba zai kai ba. Don haka sai da masana suka yi shekaru suna gyara, har ya zama cikin ƙwaya dubu ɗari da ƙyar ɗaya ke salwanta a miƙa guda.

Silikon ba ya bambanta launi, yawan haske kaɗai ya sani. Bryce Bayer na kamfanin Kodak shi ya kawo maganin wannan, aka ba shi takardar mallakar dabarar cikin 1976. Ya rufe kowane gurbi da ɗan mayafi mai launi: cikin kowane gurbi huɗu, biyu kore, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. An fi yawaita kore don idon mutum ya fi jin sa. Daga ƙidayar gurabu maƙwabta na'ura ke lissafa ainihin launin kowane ɗigo. Har yau yawancin kyamarori da wannan tsari su ke aiki.

Kamfanin da ya ji tsoron abin hannunsa

Kafin ƙarshen 1974 kamfanin Fairchild yana sayar da CCD mai sahu 100, kowane sahu gurbi 100, watau gurbi 10,000. Ɗaya ta faɗa hannun wani saurayin injiniya na Kodak, Steven Sasson, aka ce ya duba ko tana da wani amfani. Ya tsinto gilashin tsohuwar kyamarar silima, da batir 16, da rikoda mai kaset, ya harhaɗa wani akwati mai nauyin kilo uku da rabi. Cikin Disamba 1975 ya ɗauki hoton wata ma'aikaciyar gidan. Sai da aka yi daƙiƙa 23 kafin hoton ya gama shiga kaset, sa'an nan aka nuna shi a talabijin, fari da baƙi. Wannan ita ce kyamara ta farko mai ɗaukar hoto da ƙidaya, wadda mutum zai iya riƙewa a hannu, ba fim a cikinta.

Da ya nuna wa manyan kamfanin, ba su yi murna ba. Arzikin Kodak duka daga fim ya ke, da takardar hoto, da ruwan wanki. Ga ɗansu ya kawo abin da ba ya bukatar ko ɗaya cikin ukun. Suka yi rajistar dabarar cikin 1978, amma ba su yi hanzarin kai ta kasuwa ba. Ba su yar da ita ɗungum ba, gama cikin 1991 sun fito da kyamarar ƙidaya ta 'yan jarida, daga baya sun sayar da ƙanana masu yawa, sun kuma ci kuɗi mai tsoka daga masu aron dabarunsu. Sai dai ribar kyamara ba ta kama ƙafar ribar fim ba, zuciyarsu kuma tana wurin fim. Kamfanin da cikin 1988 ya ke da ma'aikata wajen 145,000, cikin Janairu 2012 sai ga shi gaban kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi. Ya farfaɗo daga baya, amma ɗan ƙarami. In kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke.

Mutanen Japan kuwa suka riƙe abin da hannu biyu. Kazuo Iwama na kamfanin Sony ya sa mutanensa suka yi shekaru suna fama, ana ta kashe kuɗi ba riba. Babban abokin gābarsu ƙura ce, don ƙwayar ƙura guda ta isa ta makantar da gurbi. Cikin 1980 suka fito da kyamarar CCD mai launi, aka ɗaura ta a manyan jiragen sama na fasinja. Iwama ya rasu cikin 1982 bai ga cikar ribar ba, wanda ya gaje shi ya sa aka manna ɗan allon CCD a jikin dutsen kabarinsa. Cikin 1980 ɗin nan kuma Nobukazu Teranishi na kamfanin NEC ya ƙago wani sabon irin gurbi wanda ke juye abin cikinsa tas, ba ya barin saura ya ɓāta hoto na gaba. Kusan duk idon kyamara na yau da irin gurbinsa a ke yin sa.

Masu duban taurari

Ba waɗanda suka yi farin ciki da CCD kamar masana taurari. Farantin hoto da su ke sa wa a madubin hangen nesa, cikin ƙwayar haske 100 da ta faɗa masa bai fi ya kama ɗaya ko biyu ba. CCD mai kyau kuwa tana kama 80 ko fiye. Ke nan ƙaramin madubi ya koma yana ganin abin da a da sai babba. Cikin 1990 aka harba madubin Hubble sama da irin wannan ido. Cikin Disamba 1995 aka auna shi ga wani ɗan taƙi na sararin sama da a ke gani kamar ba kome, ya yi kwana goma yana tara haske, sai ga garken taurari wajen 3,000, kowane garke da taurari ba iyaka. Cikin 2025 kuma wata kyamara da aka kafa bisa wani dutse a ƙasar Cile ta fitar da hotunanta na farko. Alluna 189 aka jera a cikinta, gurabunsu miliyan 3,200.

Sojoji ma ba a bar su a baya ba. A da, taurarin leƙen asiri na Amurka da fim su ke aiki, in ya cika a jefo shi cikin gwangwani da laima, jirgin sama ya cafe shi kafin ya faɗa teku. Daga ƙarshen 1976 suka fara komawa ga idon lantarki, hoto yana saukowa ta iska.

Kowace ƙwarya da ma'auninta

Duk da haka CCD tana da aibi. Tana cin wuta, tana bukatar wasu alluna a gefe masu yi mata hidima, kuma sai masana'anta ta musamman ke iya yin ta. A sararin sama kuwa akwai wani tururin haskoki masu lahani da ke ɓāta gurabu, gurbi ɗaya in ya lalace sai ya riƙa zubar da rabon duk waɗanda ke bi ta kansa.

Eric Fossum yana aiki a wani gidan bincike na hukumar sararin sama ta Amurka, NASA, a jihar Kalifoniya. An bukaci su rage girman kayan kumbo da nauyinsu da tsadarsu. Wajen 1993 shi da mutanensa suka gyara wata tsohuwar dabara da aka taɓa gwadawa aka bari: maimakon a yi ta miƙa ruwa har kusurwar fili, a ba kowace ƙwarya ɗan ma'auninta a gefenta. In ana son ƙidayar wani gurbi sai a kira shi da lambar sahunsa da ta layinsa, ya amsa. Wannan iri shi a ke kira CMOS. Wutar da ya ke ci kaɗan ce ƙwarai, ana yin sa a irin masana'antar da ke yin allunan kwamfuta, kuma duk masu yi masa hidima suna bisa allo ɗaya da shi. Manyan kamfanoni suka yi sanyin jiki, sai Fossum da abokansa suka kafa nasu cikin 1995, suka sa masa suna Photobit.

Wayar hannu ce ta ɗaga wannan ido. A Japan cikin 1999 kamfanin Kyocera ya fito da waya mai kyamara, cikin Nuwamba 2000 Sharp ya biyo da tasa mai gurbi 110,000. Shekara guda bayan haka, cikin 2001, wayar salula irin ta yau ta fara aiki a Nijeriya. Yanzu ana ƙera irin waɗannan idanu biliyoyi kowace shekara, waya mai araha ma tana da gurabu miliyoyi, ƙanana har ana iya jera 50 a faɗin gashin kai guda.

Inda ido ya kai

A asibiti, likita ya kan zura siririn bututu mai ido a bakinsa ya duba cikin mutum ba tare da an tsaga shi ba. Cikin 2001 aka yarda da wata 'yar kyamara mai kamar ƙwayar magani, wadda aka ƙago a Isra'ila. Majiyyaci ya haɗiye ta, ta bi hanji tana ɗaukar hoto biyu kowace daƙiƙa har wajen sa'a takwas. Hoton ƙashi da na haƙori a asibitoci da yawa sun bar fim. An kuma yi idanu da wasu ma'adinai 'yan tsaka-tsaki masu ganin abin da idon mutum ba ya gani, kamar zafin jiki cikin duhu. Wanda ya je rajistar katin zaɓe ko na shaidar ɗan ƙasa aka ɗauki fuskarsa, wannan ido ne ya dube shi.

Cikin Satumba 2003 aka harba tauraron Nijeriya na farko, NigeriaSat-1, daga Plesetsk ta ƙasar Rasha. A Ingila aka ƙera shi, tare da injiniyoyin Nijeriya da aka tura koyo. Idonsa CCD ne, kowane ɗigo na hotonsa yana cin mita 32 a ƙasa, faɗin abin da ya ke sharewa a wucewa ɗaya kilomita 600. An yi amfani da shi wajen duba gonaki da dazuzzuka da ambaliya, har cikin 2005 ya aiko da hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka. Cikin 2011 aka harba wasu biyu, ɗaya daga cikinsu, NigeriaSat-X, injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu.

Amma ido ba ya zaɓen abin da zai gani. Na'urar da ke tona asirin azzalumi ita ce kuma ke ɗaukar mutum cikin gidansa ba da saninsa ba, a watsa wa duniya, aure ya mutu, mutunci ya zube. Tun da hoto ya koma ƙidaya kuma, ana iya sāke ƙidayar a fito da abin da bai taɓa faruwa ba. Saboda haka mai hankali a yau, in an nuna masa hoto, ya kan tambayi wanda ya ɗauka, da inda aka ɗauka, da ranar da aka ɗauka, kafin ya gaskata ko ya tura wa wani.

Rabon yabo

Cikin 2009, shekara 40 bayan tsayuwarsu gaban baƙin allo, aka ba Boyle da Smith rabin lambar Nobel ta kimiyyar fiziks, ɗaya rabin aka ba Charles Kao saboda aikinsa na aika saƙo da haske cikin zaren gilashi. Wasu tsofaffin abokan aikinsu suka yi ƙorafi, suka ce Boyle da Smith rumbu suka zana, Tompsett ne ya mai da shi ido. Boyle ya rasu cikin 2011. Cikin 2017 aka ba da lambar Sarauniya Elizabeth ta aikin injiniya a Ingila, aka haɗa mutum huɗu: Smith, da Tompsett, da Teranishi, da Fossum.

Ko wannan rabo bai game kowa ba, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. Malamin Basra ya bayyana ɗakin duhu, mai gwada wayar teku ya lura da ma'auninsa bai yi fushi ya jefar ba, mutumin Masar ya gyara fuskar silikon, yaron da uwarsa ta koya wa karatu a daji ya yi zane da alli. Kowannensu ya karanta abin da na gabansa ya rubuta, ya ƙara nasa, ya rubuta don na baya. Da ɗaya ya ɓoye abin da ya gano, ko ya bar shi a baki bai sa a takarda ba, da aikin ya tsaya a wurinsa har wani ya sāke farowa. Wanda ya koyi karatu da girmansa, in ya karanta ya kuma koya wa 'ya'yansa, ya shiga wannan sahu ke nan.